Baƙon da Ya Ƙi Shan Gahawar Abu Zuhdi

Akwai wani dattijo, Abu Zuhdi, a wani ƙaramin ƙauyen Falasɗinu. Duk arzikinsa bishiyoyin zaitun arba'in ne, kuma kwana biyu kacal sojojin da ke tsare hanyar gonar suka ba shi ya tsinke su.

Ranar farko ta wuce, shi da matarsa Subhiyya bishiya shida suka iya. Ga ciwon baya, ga 'ya'ya ba sa gari. Gayya ma ba ta yiwuwa, kowa na fama da gonarsa. Abin da ya rage a bishiya bayan wa'adin kuwa sai dai a yi masa kallo daga nesa.

Da safe suna ɗaura buhuna a kan jaki, sai ga matafiyi da jaka a baya ya yi sallama.

"Miƙa masa ruwa mu wuce," in ji Subhiyya. "Yau in ta kuɓuce, ƙasa za mu ci bana?"

"Haba Ummu Zuhdi, baƙo a ƙofata ya tafi ba gahawa?"

"To zauna, sarkin karamci! Bishiya talatin da huɗu su tsinke kansu."

Abu Zuhdi ya dafa gahawar, idonsa na kan rana. Baƙon, mai suna Mazin, ya karɓi kofin ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba.

Gaban dattijo ya faɗi. A al'adarsu, ajiye kofi alama ce ta roƙo, mai gida kuwa ba ya barin gahawarsa ta huce a gaban baƙo. Me ya rage masa da zai bayar? Ya dubi baƙon ya ce:

"Sha, ɗana. Ko mene ne, na ba ka."

Mazin ya shanye. "Baffa, na ji maganarku tun daga waje. Na san in na ce zan taya ka, za ka ce baƙo ba ya aiki. Mu goma muke yawon ƙafa, sauran suna bakin masallaci. Roƙona ka ba mu aikin gonarka yau. Ka riga ka amsa."

Kafin sojoji su busa usur da la'asar, an sauko daga bishiyar ƙarshe. Abu Zuhdi ya zauna a kan buhu, ya rufe fuska da rawaninsa, ya yi ta kuka.

Darasi: Kada matsi ya sa ka rufe wa baƙo ƙofa, ba ka san ta hannun wa Allah zai aiko da mafita ba. Tura wa wanda ka san yana cikin ƙunci yau.