Telan da Ya Tsallake Hular Dattijo

An yi wani mutum a nan unguwar Nima, tela ne. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa na raye. Allah ya ba shi hannu. In ya yanka maka riga sai ka rantse a jikinka aka saƙa ta. Kafin azumi ya kai goma ya rufe karɓar ɗinkin Sallah.

Wata rana Mma Sanatu, tsohuwar nan mai koko a unguwar Maamobi, ta kawo masa batakarin mijinta marigayi, irin rigar nan ta saƙin hannu ta mutanen arewa. Ita kaɗai ta rage mata cikin kayansa. Ɗanta Abdul-Mumin zai yi aure, tana so a rage masa ita ya sa ranar ɗaurin aure. Uba ba ya nan, to a ga rigarsa a wurin.

Tela ya gama ɗinki, ya ɗora dutsen guga, sai waya ta yi ƙara. Kun san mu da waya. Kafin ya juyo wuta ta ci gaban rigar, faɗin tafin hannu.

Ya 'yan uwa, wa bai taɓa kuskure ba? Amma da tsohuwa ta zo, sai ya ce da ƙunarta ta kawo rigar, tsufa ne ya hana ta gani. A gaban mutane ya faɗa. Ta naɗe rigar ta fita tana share hawaye da bakin mayafi.

Ba ta je wurin 'yan sanda ba, ba ta je kotu ba. Ta je wurin Alhaji Mahama, shugaban teloli, mutumin da ya koya wa rabin telolin Nima riƙe almakashi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kira liman, aka kira tela. Aka tambaye ta me take so.

Ta ce, "Baaba Alhaji, ni ba na son komai nasa. So nake kawai ya ce shi ya ƙona, yarana su san ban yi ƙarya ba."

Alhaji Mahama ya ce shi da kansa zai yi aikin zare ya rufe ƙunar. Abin da ya rage wa tela kalma ce. Ya ƙi. Aka lallashe shi, ya ƙi.

Sai dattijon ya cire hularsa ya ajiye a gabansa. Kun san al'adarmu a Zango. In babba ya ajiye maka hula, sai ka durƙusa ka ɗauka ka miƙa masa, magana ta mutu ke nan. Mutumin nan ya miƙe ya ce, "Kotu na nan, ta je." Ya tsallake hular ya fita.

Babu wanda ya zage shi. Liman ne ya ɗauki hular ya kakkaɓe.

Alhaji Mahama ya yi aikin zaren, ya yi kyau. Ranar ɗaurin aure duk wanda ya ga ango sai ya tambayi wa ya yi wannan aiki, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ji labarin. Mata suka kwashe shi zuwa gidajen suna. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka zo suka karɓe yadinsu. Wa zai ba da kayansa ga wanda in ya ɓata zai ce kai ne maƙaryaci? Sallah ta zo, keken ɗinkinsa shiru. Wata Sallar ta zo, ya bar shagon. Ya koma yawo da ƙaramin keke a ka, yana kaɗa almakashi lungu-lungu ko wani zai ba shi faci.

Sau nawa ya bi ta ƙofar tsohuwar nan? Kunya ta hana shi tsayawa. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya shiga, sai ya tarar da rumfa da kujeru. Sadakar ukun tsohuwar ake yi. Abdul-Mumin ya taso, batakarin a jikinsa, ya kama hannunsa.

Ya ce, "Baaba, Mma ta yafe maka tun ranar. Amma kullum in ta ji ƙarar almakashi sai ta ce a buɗe ƙofa, ko kai ne ka zo."

Mutumin nan ya sauke keken, ya dafa aikin zaren yana kuka yana cewa, "Ni na ƙona, ni na ƙona." Wadda take jiran jin kalmar nan kwananta uku a kabari.

Wallahi ina tausayinsa. Ba dutsen guga ne ya rushe shi ba, girman kai ne. Kai mai shago, ke mai tebur, in wanda ya sayi kayanka ya dawo da kuka aka kira ka tabarma, gata aka yi maka. Sulhu alheri ne. Ka durƙusa ka ɗauki hular tun mai jiran kalmarka na da rai.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya sassauta harshenmu wajen neman gafara, ya jiƙan Mma Sanatu. Amin.