Buzuzu Mai Jiran Guzuma

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To ku matso. Wanda ya yi gyangyaɗi ba zan maimaita masa ba.

A wata makiyaya akwai Buzuzu da 'ya'yansa gwazarma. Duk duniya ba wadda yake so kamar wata tsohuwar saniya, Guzuma. Kashinta ne abincinsa, inuwarta ce rumfarsa. In za ta taka sai ta ce, "Kauce, ɗan baƙina."

Da rani ya yi, Fulani suka kaɗa shanu kudu. Guzuma ta ce, "Ka jira ni. Ranar da ciyawar nan ta yi toho, ina tafe."

Kullum Buzuzu na kan suri yana leƙen burtali.

"Balbela, kin ga Guzuma?"

"Na baro ta bakin kogi tana tuƙa."

"Carki, ka ga Guzuma?"

"Na cire mata kaska. Ta rame fa."

"Ungulu, kin ga Guzuma?"

"Ni ba na sanin saniya sai ta faɗi."

Buzuzu ya fashe da kuka.

Ashe Gizo ya daɗe yana kwaɗayin filin don ya shuka wake, amma shi da fartanya ba sa ga-maciji. Ya matso yana sharar hawayen ƙarya.

"Wayyo abokina! Wannan rana za ta ƙone saiwar ciyawa, kuma in ba ciyawa ba Guzuma. Ka tone saiwoyin ka adana mata a rami mai sanyi. In ruwa ya sauka sai ka mayar."

Bege ba ya barin mutum ya yi tunani. Buzuzu ya duƙufa, ya tone gabas, ya tone yamma, ya tara a raminsa.

'Ya'yan suka ce, "Baba, yunwa."

"Ku ɗanɗana kaɗan, na Guzuma ne."

Gobe ma haka. Jibi ko tambaya ba su yi ba.

Shamuwa ta iso, ruwa ya sauka. Ko'ina ya yi kore shar, makiyayar Buzuzu kuwa kamar kan mai kora. Gizo ya tarar da ƙasa a tone, da laushi, ya shuka wakensa ya kewaye da ƙaya.

Rannan sai ga ƙura a burtali. Buzuzu ya gangaro daga suri har yana tuntsurawa.

"Guzuma! Guzuma!"

Ta sunkuyo, haƙarƙarinta duk a waje, ta shinshina ƙasa. "Ɗan baƙina, ina ciyawar?"

"Na adana miki!"

Ya ruga rami. Ba komai sai gwazarma sun yi ɓul-ɓul suna barci. Ya fito da ɗan tsinke ɗaya a baki.

Guzuma ta dube shi ta ce, "Wa ya ce maka ana ɗauke saiwa daga inda take? Ita ma jirana take yi, kuma ta fi ka iya jira."

Makiyayi ya ɗaga sanda. Guzuma ta kasayar wa Buzuzu da tuli guda, ta bi garke ba ta waiwayo ba.

Shi ya sa har yau in kun ga buzuzu na mirgina kayansa, da baya yake tafiya, fuskarsa na wajen da shanu suka bi.

Ku ji da kyau: in kuna jiran wani, ku bar abin da zai dawo dominsa a inda ya bar shi. Kuma mai taya ka kuka, duba ko gonarka yake kallo.

Ƙungurus kan kusu! Kowa ya kakkaɓe tabarmarsa.