Jif Ɗin da Aka Hana a Leƙa Ƙarƙashinta

Akwai wani likitan dabbobi da kowa ke kira Dakta, mutum ne mai kirki amma yana ji da iliminsa. In ya kalli saniya sau ɗaya ya faɗi ciwonta, sai ya ɗauka duk abin da ke duniya haka zai kalle shi ya gane.

Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune a tsohon gidansu na ƙauye tare da ƙanwarsa, kuma ta rantse ba mai raba ta da ɗakinta. Ga shi tana da ciwon ƙirji, in ya motsa numfashi yakan gagare ta. Tsakanin ƙauyen da asibiti akwai wani kwari mai jar laka, da damina mota ƙarama ba ta ƙetare shi.

Daminar bara nan motar Dakta ta kafe. A kan babur aka ɗauki Inna cikin ruwa, ƙanwarsa na riƙe da ita ta baya tana kuka. Tun ranar Dakta ya ƙudurta a ransa cewa damina ba za ta sake riskarsa ba tare da jif mai ja da ƙafa huɗu ba. Sabuwa ta fi ƙarfinsa, don haka ya shiga neman ta hannu.

Wata Asabar ya ci karo da ita a wurin wani dillalin motoci. Baƙa ce wuluk, sai sheƙi take yi, kujerunta na ƙamshin turare. Shekarunta sun ja, amma ba za ka ce ba. Dillalin ya bar injin yana aiki, sautinsa a hankali kamar na keken ɗinki.

“Yallaɓai, wannan ko dutse hawa take yi,” in ji dillali. “Sai dai ka hanzarta, akwai mai zuwa da yamma.”

Nan take Dakta ya kira bakanikensa. Dattijo ne da ake wa laƙabi da Sannu-Sannu, saboda ko taya zai canza sai ya zagaya motar sau uku tukuna. Shi ke gyara wa Dakta mota shekara da shekaru.

Baba Sannu-Sannu ya iso da tsohon kwali a hammata. Bai ko kalli fentin ba. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin inji, ya ji zafi, ya buɗe ya leƙa. Inji fes, an wanke shi tas kamar kwanon cin abinci. Dattijon ya ɗan taɓe baki, ya shimfiɗa kwalinsa a ƙasa zai kwanta ya shiga ƙarƙashi.

Dillali ya yi wuf ya tare shi. “A'a Baba, a nan ba a shiga ƙarƙashin mota sai an gama magana.”

Dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya ja Dakta gefe.

“Abu uku nake so. A kashe ta ta kwana da kwalin nan a ƙarƙashi, in ga abin da zai ɗiga. Da safe ni zan tayar da ita da sanyinta. Sannan mu kai ta cikin taɓon bayan gareji, in ga ƙafafun nan huɗu suna ja da idona.”

Ran Dakta ya ɓaci. “Haba Baba! Ba ka ji sautinta ba? Ni fa da ido nake gane lafiyar dabba, balle ƙarfe.”

“To Dakta, ka taɓa cewa saniya lafiyarta ƙalau alhali mai ita ya hana ka buɗe bakinta?”

Dakta ya juya ya koma wurin motar. Bai so ba, amma ya ce wa dillali sai da safe.

Da safe suka tarar da wurin wayam. An saye ta. Kuma ba kowa ya saya ba sai maƙwabcin Dakta, wani mai gonar kaji da unguwa ke kira Kwamanda saboda ba ya magana sai da umarni. Gonarsa ma a kan hanyar ƙauyen su Inna take.

Abin da Dakta ya gaya wa dattijon nan a ranar bai dace a maimaita ba. Ya ce masa tsufa ya kama shi, ya ce da kwali da tsoro ya sa shi asarar motar da ba zai ƙara samun irinta ba. Baba Sannu-Sannu ya naɗe kwalinsa ya tafi. Mako biyu Dakta yana wucewa ta gaban garejin bai ko ɗaga hannu ba. Kullum da safe kuma sai ya ga baƙar jif a ƙofar Kwamanda ana wanke ta, abin ya riƙa cin sa a rai.

Ana haka hadari ya fara haɗuwa da yamma. Dakta ya shiga damuwa sosai, don ga damina a bakin ƙofa, ga shi bai samu jif ba.

Sai ga Baba Sannu-Sannu da ƙafarsa har gida, kamar ba a taɓa gaya masa baƙar magana ba.

“Akwai wani mai haƙa rijiyoyi da ya ajiye aiki, zai sayar da jif ɗinsa. Zo ka gani. Amma ka bar idonka na kwalliya a gida.”

Gaskiya motar ba ta da kyan gani. Fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa fara ce ko ruwan toka. Ƙofar baya ta lotsa, kujerar direba an ɗinke ta da zare mai kauri. Mai ita kuwa, maimakon ya yabe ta, sai ya hau lissafa laifinta.

“Na'urar sanyaya iska ta mutu. Gilashin nan sai an taimaka masa da hannu. Tana kuma shan mai, ba zan ɓoye maka ba. Ga makulli, ku riƙe ta kwana nawa kuke so.”

Kwana uku dattijon ya yi a kanta. Ta kwana da kwali, da safe aka ga ɗigon baƙin mai guda biyu, ya bi sawunsu har ya gano robar da ta gaji, ya canza. Ya tayar da ita da sanyi, ya tsuguna yana kallon hayaƙin da ke fita ta bututun salansa. Ya hau da ita kan ramin duba mota na gareji, ya bi ƙarƙashinta da fitila yana girgiza ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. A rana ta uku ya tsunduma ta cikin taɓo, ya nuna wa Dakta ƙaramar sandar giya da ke kusa da babbar.

“Wannan ita ce motar. Sauran duk riga ce.”

Ya ja sandar, jif ta yi gurnani ta fito a hankali, ƙafafu huɗu na watsa laka. Dakta ya saya, amma zuciyarsa na can ƙofar maƙwabci. Kafin ya tafi, dattijon ya jefa masa igiyar jan mota a baya.

Kwamanda na ganin ta ya riƙe ciki don dariya. “Dakta, mota ka sayo ko kejin kaji? In ka gaji da ita ka kawo gona, ina da masu kwana a ciki!”

Ranar da abin ya faru, tun hantsi ake tsuga ruwa. Wajen azahar wayar Dakta ta yi ƙara, ƙanwarsa ce.

“Yaya, ƙirjin Inna ya tashi. Maganin fesawar ya ƙi yi mata aiki. Don Allah ka zo yanzu.”

Ya bar abin da yake yi ya hau hanya. Da ya gangaro kwarin nan mai jar laka, sai ya ga baƙar jif a tsakiyar hanya ta tare ko'ina. Kwamanda na ciki yana taka totur, ƙafafun baya na juyawa suna haƙa rami, na gaba kuwa ko motsi ba sa yi. Hagu ruwa, dama ruwa, babu wurin ratsewa.

Kwamanda ya leƙo ta taga, ya jiƙe sharkaf. “Dakta, na sa ta a ƙafa huɗu tun ɗazu, ta ƙi!”

Dakta bai tsaya surutu ba. Ya shiga laka har gwiwa, ya ɗaura igiyar Baba, ya koma ya ja ƙaramar sandar nan da bismilla. Kejin kaji ya yi gurnani, igiya ta miƙe, baƙar jif ta biyo da baya kamar akuyar da aka ja da ƙaho. Ya ajiye ta a kan tudu, ya kwance igiyarsa, ya kutsa cikin kwarin. Motar ta bi laka a hankali, ba ta ko yi tangaɗi ba, ta haye.

Ya tarar da Inna a zaune tana kokawa da numfashi. Suka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar ƙanwarsa, ba ɗigon ruwa ko ɗaya da ya taɓa ta. Suka sake ƙetare kwarin. Kafin la'asar an sa mata iska a asibiti, likita ya ce sun kawo ta a kan lokaci. Dakta ya zauna a kan benci da lakarsa, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye suka zubo masa don daɗi.

Washegari ya nufi gareji. Ya tarar an jawo baƙar jif tana kan rami, Kwamanda na tsaye a gefe, yau babu umarni. Baba Sannu-Sannu ya yafito Dakta ya sauko cikin ramin, ya haska fitila.

“Ka ga wurin nan da babu komai? Nan ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun gaba yake zama. Giyar da ke raba ƙarfin ce ta lalace, sai suka cire ƙarfen don kada a ji ƙara. A kan kwalta ba za ka taɓa sani ba.”

Dakta ya tsaya yana kallon wurin. Ya ga kansa a cikin motar nan a tsakiyar kwari, yana taka totur, Inna na can ƙetare tana jiran sa.

A nan cikin ramin ya kama hannun dattijon mai baƙin mai da hannu biyu.

“Baba, ka yafe mini. Na gaya maka abin da bai kamata ba.”

“Ya wuce, Dakta. Ya jikin Inna?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ita ce ma ta aiko ni. Da safen nan ta leƙa ta tagar asibiti ta ga motar, ta ce wannan mummunar motar tawa tana da hali, in zo in gaishe da wanda ya zaɓo ta.”

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ɗauko tsohon kwalinsa, ya miƙa wa Kwamanda.

“Riƙe wannan. In za ka sake saye, ka fara da shi.”

Darasi: In za ka sayi tsohuwar mota, musamman jif da za ka ɗora rayuwar naka a kanta, kada fenti da daɗin bakin dillali su ruɗe ka. Ka je da wanda ya san aikin, ka bar shi ya duba a natse, kuma in aka hana ka leƙa ƙarƙashi ka kama gabanka. Kada iliminka ya sa ka raina na wani. In kana da ɗan'uwa ko aboki da ke neman mota ta hannu, tura masa wannan labarin kafin ya karɓi makulli.