Ranar da Nalado Ya Ƙaryata Nalado

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, akwai shari'ar da za ku yanke mini.

A wani birni, ciyaman ya sa ranar rushe kasuwar 'yan tukwane, inda Inna Talatuwa take da rumfa tun tana amarya. Gidan rediyon garin kuwa yana da wani mai gabatarwa, Nalado, baki kamar reza. Lokacin da wata jam'iyya ke mulki ta so taɓa kasuwar nan, har kuka Nalado ya yi a rediyo, wai gadon kakanni ne. Da nasa mutanen suka hau mulki, sai ga shi kullum yana cewa matattarar ɓarayi ce. 'Yan kasuwa suka yi ta sintiri gidan rediyon, ko ƙofa ba a buɗe musu ba. Wallahi abin da takaici.

Inna tana da 'ya'ya uku. Babban, Ɗanliti, mai gyaran rediyo ne, ba ya zubar da komai, matarsa har ta gaji da mita. Shi ya zazzage buhunan tsofaffin kaset har ya zaƙulo wancan kukan na Nalado.

Ta tsakiya, Ladidi, sarauniyar shirin gaishe-gaishe ce, wanda shi ma Nalado ke gabatarwa. Shekara da shekaru tana bugo waya tana gaida dangi, shi ya sa da an ga lambarta ake ɗauka ba tambaya. Ran nan Nalado ya ce, "Hajiya Ladidi, wa za mu gaisar yau?" Ta ce, "Malam, kai zan gaisar, da wani tsohon jawabinka." Ta kunna kaset ɗin da Ɗanliti ya zaƙulo, ta kara wayar a bakin rikoda.

Autan, Sabi'u, shi ke kan na'ura a gidan rediyon. Manaja ya yi ta yi masa alama ta gilashi ya katse, har da buga ƙafa. Sabi'u ya san aikinsa zai tafi, amma ya naɗe hannu sai da kaset ɗin ya ƙare.

Ai sai gari ya ɗauka! Daga teburin mai shayi har cikin adaidaita, kowa na kwaikwayon kukan. Ciyaman ya ga zaɓe ya ƙarato, ya janye katafilarsa ba shiri. Aka kori Sabi'u, 'yan tukwane suka tarbe shi da guɗa a bakin ƙofa.

Inna ta ce ƙafafunta sun gaji, za ta bar rumfar ga wanda ya cece ta, kuma rumfa ɗaya ce, ba ta rabuwa.

To, ku faɗa mini, a cikin ukun nan wa za ta miƙa wa makulli?