Ƙararrawar da Ta Riga Kirsimeti da Kwana Goma Sha Uku

Octavian Burlacu ya fi kowa kai a ofishinmu, kuma ya fi kowa sanin haka. Tavi muke ce masa. Shekarunsa talatin da biyu, dogo ne, ga fara'a, ga sakin hannu. In ya sayo burodi mai zafi sai kowa ya ci. Aibinsa ɗaya ne tak: duk abin da ya tarar an yi kafin zuwansa, a ganinsa wawa ne ya yi shi. Yawancin abin da ya tarar kuwa ni na yi.

Ni ce Veta, Tanti Veta a bakinsu, wato Goggo Veta. Shekara ashirin da biyu na yi a masana'antar tumatirin gwangwani nan Iași kafin a rufe ta. Da tsintsiya na shigo wannan kamfani, ina shara ina leƙen abin da suke yi, har na koya wa kaina kwamfuta da tsofaffin littattafan da suka zubar. Ba ni da takardar shaida ko ɗaya. Amma yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da layin da manhajarmu ke bi kafin ta fita.

Sana'armu ƙararrawar coci ce. Muna yin wani ɗan akwati da ake kafawa a hasumiya, shi ke kaɗa ƙararrawa a kan lokaci. Ya san Lahadi, ya san ranar babban biki. Duk sanda aka taɓa manhajarsa, sai ta bi ayyuka huɗu a jere, ba sa hannun mutum. Na farko ya duba akwatin wane coci ne, kuma wace kalanda suke bi. Na biyu ya haɗa manhajar. Na uku ya gwada ta. Na huɗu ya tura ta hasumiya ta intanet. Kowane aiki sabuwar na'ura ce ke yin sa: ta farka kanta fanko, ta gama, a goge ta. Ba ta san abin da ta gabanta ta gani ba. Shi ya sa na tsara aikin farko ya rubuta sunan kalandar a wani ɗan fayil, ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa gaba. A masana'anta na koyi wannan. Ranar da masu aikin safe suka tashi ba su rataye mana takarda a ƙusa ba, sau biyu muka zuba gishiri a gwangwani dubu huɗu. 'Yan ofis suka sa wa fayil ɗin suna "takardar Tanti".

Kalanda kuwa ba abin wasa ba ce. Mu nan gefen kogin Prut, Kirsimetinmu ashirin da biyar ga Disamba. Ƙauyukan ƙetare da yawa suna kan tsohuwar kalanda, sai bakwai ga Janairu, kuma in ka ce musu su canza kamar ka zagi kakarsu ne.

To a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan Tavi ya ga wadda yake so, Ilinca, ma'aikaciyar jinya. Mahaifinta, Moș Zamfir, wato dattijo Zamfir, shekara arba'in da ɗaya yana hawa hasumiyar cocinsu yana jan igiya, har gwiwoyi suka gaza. A lokacin kaka Tavi ya je ya kafa musu akwatinmu, ya ɗauki sautin kiɗan tsohon a waya, ya yi alkawarin akwatin zai koye shi tsaf. Tsohon ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Ranar Kirsimeti zan ji. In ya kaɗa yadda nake kaɗawa, turo iyayenka a sa rana. In ya kunyata ni, je ka nemi 'yar mai gyaran rediyo." Ilinca ta yi dariya, amma a hanya ta gaya wa Tavi cewa ba za ta yi aure ba sai da albarkar mahaifinta. Ba wasa take ba.

Farkon Disamba Tavi ya gama koya wa manhajar kiɗan tsohon. Ya juyo da kujerarsa wajena.

"Tanti, wannan takardar taki fa ta tsufa. A rubuta, a ajiye, a ɗauko, kowane zagaye sai ta ci min minti biyu. Aikin farko ya riƙe sunan kalandar a kansa mana, shi ke nan."

Na ce, "A kan wa? Kan da za a goge kafin ka gama shan kofinka?"

"Na gwada a kwamfutata, lafiya lau."

"A kwamfutarka duka huɗun ɗaki ɗaya suke kwana, dogon banza. A can kowa da gidansa."

Ya yi dariya ya ce, "Tanti, nan ba gidan tumatir ba ne."

"Da gidan tumatir ne da tuni na sa ka wanke kwalabe. Kar ka taɓa min takarda."

Mako na zagayowa na tafi aka cire min yanar ido, likita ya hana ni kallon kwamfuta. Ina juya baya Tavi ya cire takardar. Ya tura sabon kiɗan. Ayyuka huɗun duk suka nuna kore, alamar komai daidai. Ya aiko min da hoton, har da rubuta, "Minti biyu sun dawo gida."

Abin da ya faru a ciki shi ne, aikin farko ya gano tsohuwar kalanda, ya riƙe a kansa, aka goge shi. Na biyu ya farka bai tarar da saƙo ba. A nan laifina ya shigo, ba zan ɓoye ba. Shekaru goma baya, lokacin da duk cocin da muke wa aiki na wannan gefen ne, na rubuta cewa in aiki na biyu bai ji komai ba, ya ɗauki sabuwar kalanda. Haka ya yi. Na uku ya gwada ya ga manhajar na bin sabuwar kalanda ba kuskure, ya ce madalla. Na huɗu ya tura.

Ranar ashirin da biyar, ƙarfe takwas na safe, ina jera sarmale a faranti, kabeji naɗe da nama sai turiri yake, ido ɗaya a rufe da auduga, sai waya. Ilinca ce.

"Tanti, saurara!" Ta miƙa wayar ta taga.

Ƙararrawa ce ke tashi, kiɗan babban biki, ba ƙaƙƙautawa. A ƙauyen da saura kwana goma sha uku a gama azumin nama.

Tana dariya tana kuka take ba ni labari. Tsofaffin mata sun ɗaura ɗankwali sun yi gidan limamin coci, wata har da muciya, wai ya sayar da su ga sabuwar kalanda a ɓoye. Shi kuwa bawan Allah suka same shi a tsakar gida yana faskare, gatari a hannu, baki buɗe. Maƙwabcinsu Moș Pintilie bai tsaya tambayar kowa ba, ya shiga rumbu ya sauko da tsiran alade ya cinye rabi, ya ce shi ƙararrawa yake bi, ba ya bin surutu. Moș Zamfir kuwa ya ja gwiwoyinsa ya hau matakala sittin, ya fizge wayar akwatin.

Kafin azahar Tavi na ƙofar gidana, fuska kamar an wanke ta da toka.

"Tanti, na kashe kaina."

"Cire takalmi, ba ka mutu ba. Zauna."

Na tura masa faranti. Sai da ya ci huɗu na ce ya buɗe kwamfutar, ya karanta min abin da aiki na biyu ya rubuta lokacin da ya farka. Ya duba ya duba, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kalanda: babu."

"Ƙara karantawa, kunnena bai ji ba."

"Babu, Tanti."

"Minti biyun naka suna ina yanzu?"

Ya sunkuyar da kai. Na bar shi ya ɗan dahu, sannan na ce, "Kai ka yaga takarda, amma ni na koya wa na'ura ta yi zato in ba a gaya mata ba. Rabin tukunyar nan tawa ce. Ɗago kanka mu yi aiki."

A teburin kicin ɗina muka gyara, yana bugawa ina faɗa. Ya mayar da takardar. Na sa ya goge tsohon zatona: duk aikin da ya farka bai tarar da saƙo ba, ya tsaya cik, ya nuna ja, kada ya matsa ko taku ɗaya. Shi kuma ya ƙara abin da ban taɓa tunani ba: kafin aiki na huɗu ya tura, ya tambayi akwatin da ke hasumiya wace kalanda yake bi, in ta saɓa da ta takardar ya ƙi turawa. Na ce masa, "Ashe kan naka na aiki in ka sauke shi daga sama."

Gyaran na'ura shi ne mai sauƙin. Ranar Lahadi ya ƙetare kogi, ya mayar da wayar akwatin, ya tsaya a harabar coci bayan an fito, hula a hannu, ya gaya wa ƙauyen kaf cewa limaminsu bai san komai ba, shi ne aka gargaɗa ya ƙi ji. Mai muciyar ta ce, "Ga tsawo har tsawo, hankali a gwiwa." Moș Pintilie ya tambaya ko za a iya maimaita kuskuren baɗi. Aka fashe da dariya, ban da Moș Zamfir. Shi cewa ya yi, "Na ce ranar Kirsimeti zan ji. Ba ta zo ba tukuna."

Bakwai ga Janairu da ni aka je. Tsohon ya sa an ajiye masa kujera a gindin hasumiya, ya naɗe igiyar a hannu, ko da akwatin zai sake yin nasa. Tavi na tsaye kusa da ni, ƙanƙara ko'ina amma gumi yake. Takwas ta buga. Ƙararrawa ta ɗauka: uku a hankali, tara da sauri, sai ta ɗan yi shiru, sannan ta ci gaba. A wurin shirun nan na ga yatsun tsohon sun saki igiya.

Ya ce, "Ja'iri. Har inda nake tsayawa in yi tari ya koya." Ya share ido da bayan hannu. "Turo iyayenka. Kuma ka zo da wannan tsohuwar mai ido ɗaya, ita ce mai hankalin gidanku."

Na ce, "Biyu ne yanzu, tsoho, kuma da su nake ganin ba ka aske gemu daidai ba."

Bayan Ista aka yi biki. Na yi rawa har takalmina ya ɓalle. Da za a tafi da amarya, Moș Zamfir ya tsayar da masu kiɗa, ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, ya danƙa wa Tavi tare da hannun 'yarsa, ya ce ya karanta kowa ya ji. Tavi ya buɗe, ya karanta da ƙarfi: "Suna: Ilinca. Kalanda: tsohuwa." Tsohon ya ce, "Na rubuta maka, kar ka ce ba a gaya maka ba." Yau takardar nan tana manne a saman kwamfutar Tavi, kuma gidansu sau biyu ake Kirsimeti.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Abin da ka sani, in ba ka miƙa shi ga na bayanka a rubuce ba, da kai zai tafi, ko kai mutum ne ko na'ura. Wanda kuma aka miƙa wa aiki ba bayani, ya tsaya ya tambaya, kada ya cike gurbin da zato, don ni kaina zato ne ya kama ni bayan shekara goma. In ka tarar da wani tsohon tsari da ka ga kamar ɓata lokaci ne, ka tambayi wanda ya kafa shi me ya gani kafin ka cire. In kuwa ka riga ka yi ɓarna, ka tsaya gaban mutanen da ka ɓata wa ka faɗa da bakinka. Wannan ne ya ceci Tavi, ba kaifin kansa ba.