Matajin da Ke Jikin Kwamfuta

Akwai wani mutum da abokan aikinsa ke kira Malam Tsaf, ma'aikaci ne a ɗakin ajiye fayiloli. Ko takalma ya gani a ƙofar masallaci sai ya ji hannunsa na ƙaiƙayin jera su.

Shekara tara yana zaune da matarsa, kuma kusan faɗansu ɗaya ne: kwamfutarta ta cinya. Kullum a buɗe take barin ta a kan tebur, da wani tsohon mataji a soke tsakanin gilashin da madannai. Shi kuwa duk wucewar da zai yi sai ya zare matajin, ya kifa murfin, bam.

"Ke dai komai naki a buɗe, kamar bakin kasuwa," in ji shi.

Sai ta ce, "To, Malam."

Da ta rasu, bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, ya mayar wa maƙwabta kujerunsu, ya goge teburin, ya rufe kwamfutar a karo na ƙarshe. Mutane suka yaba da tawakkalinsa. Shi dai ya san ba ya jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kai.

Bayan wata biyu, 'yarsu mai shekara bakwai ta ce, "Baba, na fara manta muryar Mama."

Duk bidiyon da uwar ta ɗauka suna cikin kwamfutar nan, babu su a ko'ina. Ya buɗe ta, ya danna. Fanka ta yi ƙara, ƙaramar fitila ta kama, gilashi kuwa baƙi ƙirin.

Da safe ya kai ta wurin wani mai gyara, dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi.

"Gilashin ya mutu, Injiniya. A canza shi. Mai ita ba ta da kula, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Yallaɓai, ka zo da cutar, ka zo da maganin. Ni me ya rage mini, in riƙe maka hula?"

Mai gyaran ya jona ta da wata talabijin. Hoto ya fito tar. "Ƙwaƙwalwarta lafiya lau," in ji shi. Ya cire wayar talabijin ɗin, ya fara ɗaga murfin a hankali, kamar mai leƙa tukunya. Da ya kai wani wuri, sai gilashin ya yi wal, ya kawo haske. Ya ɗan ƙara turawa, ya ɗauke. Ya dawo da shi, ya sake kawowa.

"Gilashinka ma bai mutu ba. Akwai wata siririyar waya da ke bi ta gaɓar murfin nan, ita ce ta tsinke rabi."

"Yar da ita ta yi ke nan," in ji Malam Tsaf.

Dattijon ya sauko da tabarau na biyu, ya kwance ƙusoshi huɗu, ya duba. "Babu alamar faɗuwa. Wannan aikin rufewa da ƙarfi ne, yau da gobe. Akwai yaro mai ƙiriniya a gidan?"

Malam Tsaf ya ce, "Babu."

"To duba nan."

A jikin gaɓar akwai ɗigo biyu na jan farce, ɗaya a murfi, ɗaya a ƙasa. In suka haɗu, haske ya zo.

"Mai kwamfutar nan ta riga ni gano ciwon," in ji mai gyaran. "Ta sa alama a daidai inda take aiki. Na tabbata har wani abu take soka mata don kar ta motsa. Da tana nan da na ba ta kujera a shagon nan. Abin da ban gane ba, me ya hana ta kawo ta tun tuni? Aikin rabin awa ne."

Malam Tsaf ya san amsar. Ta taɓa cewa, "Malam, kwamfutar nan tana ɗan..." ya ce, "Sakacinki ne," bai ko ɗago daga jarida ba. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ya zauna a benci har aka sa sabuwar waya. Mai gyaran ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. "Shi ke nan. Yanzu ka rufe ta yadda ranka ke so."

A gida yarinyar ta zauna ta kalli uwarta a bidiyo tana dariya, tana cewa wani ya matsa ya tare mata haske. Sau uku yarinyar ta maimaita bidiyon. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, har yanzu idonsa a bushe.

Da ta gama, ta kai hannu za ta rufe, don ta san dokar gidan.

"Bar ta," in ji shi.

Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko matajin daga inda ya jera shi tsaf, ya soke shi a wurinsa.

Darasi: Kafin ka kira ɗabi'ar wani sakaci, tambaye shi dalili tun yana iya ba ka amsa. Wataƙila ɓarnarka yake tallafewa. Ku tura wa wani, musamman wanda ya tabbata ba da shi ake ba.