Muryar Inna Hauwa'u a Ƙarƙashin Kiɗa

Yahaya yana da shagon ɗaukar murya kusa da tashar mota ta bakin iyakar Jibiya. Hannunsa na da kyau a aiki, amma yana da gaggawa, kuma ba ya son a koya masa abu.

Manhajoji biyu ne a kwamfutarsa. Ta farko tana gyara sauti guda ne, a yanke, a goge tari da ƙarar mota, amma da zarar an adana, gyaran ya shige cikin sautin ke nan. Ta biyun tana jera sautuka layi-layi, murya daban, kiɗa daban, ba ta taɓa na asali. Lawwali, amininsa mai aikin rediyo a Maraɗi, ya sha gaya masa cewa kowacce da aikinta, in zai haɗa sauti biyu ya koma ta biyun. Yahaya ya ce layukan ɓata lokaci ne.

Bayan ƙaddamar da Shari'a da 'yan shekaru, wani direba mai suna Ahmadu ya kawo mahaifiyarsa, Inna Hauwa'u, daga Farfaru. Tsohuwa ce da ta iya waƙoƙin niƙa, ana so a ɗauke su domin jikokinta da ke Maraɗi. Ta zauna kan tabarma ta rera guda tara. Kafin ta tashi ta ce masa, "Ɗana, muryata kaɗai. Na bar kiɗa tun da aka kawo Shari'a."

Yahaya ya amsa da to, amma da ya saurara sai ya ga waƙoƙin sun yi fayau. A ransa ya ce in suka ji su da kiɗan fiyano za su gode masa. Ya buɗe manhajar farkon da ya saba da ita, ya zuba kiɗan kan muryar, ya adana a kan na asali bai ajiye kwafi ba.

Ranar kasuwa Ahmadu ya zo karɓa. Yana jin kiɗan ya ce a cire. Yahaya ya yini yana tacewa, amma duk inda ya rage kiɗa sai muryar ta tafi tare da shi. Ya kira Lawwali a waya, shi kuma ya gaya masa cewa an riga an gauraya su, ba sa rabuwa.

Washegari ya ɗauki rakoda ya hau acaɓa zuwa Farfaru don a sake ɗaukar waƙoƙin. Ya tarar Inna Hauwa'u na kwance, shanyewar ɓarin jiki ta kama ta kwana uku da suka wuce, bakinta ya karkace. Ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi bai ɓoye komai ba. Ahmadu ya raka shi ƙofar gida ya ce, "Malam Yahaya, ba don ka ɓata aiki nike jin zafi ba. Ta gaya maka da bakinta, ka amsa."

Yahaya bai buɗe shago ba sati biyu. Kullum da safe sai ya ƙetara iyaka zuwa Maraɗi, ya zauna gefen Lawwali har ya ƙware a aikin layuka. Daga nan ya shiga Farfaru gida-gida yana neman matan da suka taɓa niƙa tare da tsohuwar. Ya sami uku da suka tuna waƙoƙi bakwai, ya ɗauki kowacce a layinta. Da aka kunna wa Inna Hauwa'u, sai ta riƙa motsa hannunta mai lafiya gaba da baya kamar tana kan dutsen niƙa. Sauran waƙoƙi biyun ba a sami wanda ya tuna su ba.

Darasin shi ne, kowane kayan aiki da abin da aka yi shi dominsa, kuma sanin ɗaya ba ya hana ka koyon ɗayan. Kafin ka taɓa abin da aka ba ka amana, ajiye na asali, ka kuma tsaya inda mai shi ya ce ka tsaya.